Dada ta ce a kai mata Abba Kumo ta yaye shi, ni kuma zuciyata ta ƙi

Maman Abba (Tumfure):
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yarona Abba ya cika wata 19 a wannan Agustan. Shi ne ɗan fari, kuma sunan mahaifin maigidana ya ci, shi ya sa Dada, wato surukata, take ji da shi fiye da duk jikokinta. Ranar Juma'a ta kira babansa ta ce lokaci ya yi, a kai mata shi Kumo ta yaye shi, ya yi sati biyu a wurinta, kada in je, kada kuma in kira a kara masa waya a kunne har sai ya manta. Ta ce haka aka yi wa 'ya'yanta duka, kuma namiji in ya daɗe yana shan nono kansa toshewa yake yi.

Ba yayen nake ƙi ba. Ni ma na gaji, cikin dare sau uku sau huɗu yake tashi yana laluben rigata. Amma yaron nan bai taɓa kwana babu ni ba. Ƙafar ma bai daɗe da samu ba, sai da ya kai wata 16 ya saki hannu. Kafin nan kujerar roba yake turawa daga ƙofar kicin har bakin famfo, ya juyo da ita. Ranar da ya fara takawa, babansa ne ya shigo da ledar masa, ya tsuguna a bakin ƙofa ya miƙa masa guda ɗaya, sai kawai muka ga ya saki kujerar, taku huɗu ya faɗa jikinsa. Hawaye na yi ranar. Abinci kuma ba ya ci sosai, cokali uku na kunu ya kau da kai. Maganarsa ba ta wuce "Baba" da "zo" ba, sai "uwa" in ruwa yake so. Yaron da ko ruwa ya nema ni kaɗai nake ganewa, ta yaya zan miƙa shi in juya baya? Babansa ya yi gum, ba ya son saɓa wa mahaifiyarsa. Ya zan yi?

Hajiya Goggo (Jekadafari):
Wa alaikumus salam 'yata. Zan gaya miki gaskiya ko ba za ta yi miki daɗi ba. Surukarki ba mugunta take nufi ba, gata take yi miki. Ni tara na haifa, duk gidan kaka aka kai su. Yaro muddin yana ganin uwarsa yana jin ƙamshin nono ba zai haƙura ba, ke ma ba za ki jure kukansa ba, ki ba shi cikin dare, gobe a koma gidan jiya. A can kuwa kwana uku zai yi yana rigima, na huɗu ya kama tuwo. A zamaninmu ko sunan ɗan fari ba ma kamawa, balle a ce uwa ta tsaya tana ja da uwar miji a kansa. Ki haɗa masa kayansa, ki sa kuɗin kaza a ciki, ki bi shi da addu'a.

Ummu Hanifa (Pantami):
Allah sarki Abba. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, tawa watanta 17, mu ma yana nan tafe.

Maman 'Yan Biyu (Bajoga):
Goggo, Allah ya ƙara girma, ki yi mini uzuri in faɗi abin da ya same ni. Babbar 'yata a wata 18 aka ɗauke ta, ita ma cikin damina irin yanzu. Kakarta mutuniyar kirki ce, ba ta rage ta da komai ba. Amma yarinyar ta ƙi cin komai, sai ruwa take sha tana kuka, rana ta biyar gudawa ta kama ta. Suka ce haƙori ne, suka ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Ranar da aka dawo da ita ban gane 'yata ba, idonta ya faɗa, zoben azurfar da ke hannunta har zamewa yake yi. Yarinyar da ta tafi tana gudu ta dawo ba ta ko tsayuwa. Kwana shida muka yi a gadon asibiti, kuma ta fi wata kafin ta koma tafiya. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. 'Yan biyun nan da na haifa bayanta a ɗakina na yaye su, a hankali.

Hajiya Goggo (Jekadafari):
Wannan ƙaddara ce Maman 'Yan Biyu. Yaro a gaban uwarsa ma yana ciwo.

Anti Nas:
Goggo haka ne, ciwo na Allah ne, amma akwai sababi, kuma mu da muke zaune a ɗakin awon yara muna ganin sababin da idonmu. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyu, nono yana iya ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata. In yana cin abinci da kyau, ka cire wannan kason sai ya cike da tuwo. In kuwa irin Abba ne mai cokali uku, ka cire masa nono rana ɗaya, ka cire masa uwa, ka canza masa ruwan sha da wurin kwana duk a lokaci guda, to da me zai tsaya? Nan ne tamowa take samun ƙofa. Muna da wani ɗan tef da muke zagaya wa yaro a damtse: in ya wuce santimita 12.5 kore ne, tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa, ƙasa da 11.5 ja, wannan sai magani na musamman. Sau da yawa in na ga yaro a ja na tambayi uwar yaushe abin ya fara, amsar ita ce "tun da aka yaye shi".

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi nono zalla wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2 ko fiye. Maganar toshewar kan ɗa namiji kuwa ba ta da tushe a likitance, mace da namiji duk ɗaya ne.

Maman Abba, ni ba yayen ne farkon abin da ya dame ni ba, cin abincin ne. A shekarunsa ya kamata ya ci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. Kuma kunun wane iri ne? In tsararo ne da yake zuba daga cokali kamar ruwa, cikinsa kawai yake cikawa. A yi shi da kauri yadda zai zauna a cokali. Ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, ki riƙa damawa. Ki ba shi dafaffen ƙwai, alale, faten wake da manja, kifi da aka cire wa ƙaya, ayaba, gwanda, ki marmasa zogale a miya. Gyaɗa dai kada a ba shi ƙwaya, tana shaƙe yara. Sannan ki ba shi abincin kafin nono, ba bayansa ba.

Maman Abba (Tumfure):
Anti Nas kin kama ni. Kunun tsararo nake yi masa don ya fi saurin shanyewa, kuma sai ya sha nono ya ƙoshi nake kawo kwanon. Na gode, yau zan canza.

Maman Walid (Bauchi):
'Yar uwa ki yi haƙuri da tambayata, ko dai ƙanin Abba ne a hanya shi ya sa Dada take gaggawa? In ciki ne kam dole a cire shi, nonon ciki yana lalata yaro.

Maman Abba (Tumfure):
A'a wallahi, babu komai.

Anti Nas:
Maman Walid, ko da akwai ma, ciki ba ya mayar da nono guba. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa ya canza, amma mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa sai in likita ya hana saboda wani dalili nata. Abin da ke kayar da yaran kwanika shi ne ranar da aka gane cikin a ranar ake fizge su, ba shiri. Sai yaro ya rame a ce nonon ne.

Malama Ummu Sumayya:
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara da abin da Alƙur'ani ya ce, don ina ganin a nan mafitar take. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ce iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. A Suratu Luƙman aya ta 14 ma an ambaci yaye a cikin shekara biyu. Babu inda aka raba namiji da mace. To amma ku dubi ci gaban ayar ta Baƙara: in su biyun suka so yaye bisa yardar juna da shawara a tsakaninsu, babu laifi a kansu. Su biyun nan uba ne da uwa. Ke nan yaye kafin shekara biyu halal ne, amma sai da yardarki da tasa, bayan kun zauna kun duba maslahar yaron. A cikin ayar dai aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta.

Ban kawo wannan don ki ɗauki aya ki je ki karanta wa surukarki ba, wannan rashin ladabi ne. Na kawo ne don maigidanki ya san shirun da ya yi ba shi ne biyayya ba. Magana ce da Allah ya ɗora masa, shi ya kamata ya je wa mahaifiyarsa da ita cikin lalama.

Abu Yusra (Bolari):
Ku ba mu dama mu maza mu ce wani abu. Malama ta faɗi gaskiya, amma ku san abin yana da nauyi. Mutum ya kalli wadda ta haife shi ya ce mata ba haka za a yi ba, a kan jikanta, ba ƙaramin abu ba ne. Ni na taɓa shiga irin wannan. Abin da ya taimake ni, ban kira a waya ba. Na sayi goro da turare na tafi da kaina, na zauna a ƙasa, na ce Inna yarinyar nan ba ta cin abinci, ina tsoron in kawo miki ita ta ba ki wahala, ki ba mu wata biyu mu koya mata ci. Ban ce nas ta ce ba, ban ce matata ta ce ba. Da na ce "matata ta ce" da magana ta lalace. Maman Abba, kada ki tsare shi da kuka yana shigowa gida. Ki bari ya ci abinci, ki nuna masa kwanon Abba yadda ya rage, ki ce masa tsoro kike ji. Mu maza mun fi jin wannan.

Sannan a gaya wa iyaye maza, yaye ba aikin mace kaɗai ba ne. Daren farko ni na saɓa Yusra a kafaɗa ina zagaya tsakar gida har aka yi kiran assalatu.

Ummu Hanifa (Pantami):
Allah ya saka da alheri Abu Yusra. Anti Nas, tunda ana maganar, tawa turame ne suke fito mata, ga zawo ga zafin jiki. Maƙwabciyata ta ce in sayo maganin haƙori a kemis. Wanne ya fi?

Anti Nas:
Ummu Hanifa, don Allah kada ki saya. Haƙori yana sa dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa, a daidai wannan lokacin yaro yake kai komai baki, takalmi, ƙasa, murfin kwalba, daga nan cutar take shiga. Haƙoran yarinta 20 ne, suna fara fitowa wajen wata 6, ba sa gamawa sai yaro ya doshi shekara 3. In duk zawon da aka yi a tsakanin nan aka ce haƙori ne, yaushe za a kai yaro asibiti? Masu shekaru a cikinmu za su tuna 2008, lokacin da maganin haƙorin nan My Pikin ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, hukumar NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayen nan sauƙi suka nema wa 'ya'yansu.

Ki haɗa mata ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari na zawo, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, da ƙwayar zink kullum har kwana 10 ko da zawon ya tsaya. Kada ki daina ba ta nono. Zafin jikin kuma a damina ne muke, ki kai ta yau a gwada jininta ko maleriya ce.

Ummu Hanifa (Pantami):
To Anti, yanzu zan shirya. Na gode.

Maman Walid (Bauchi):
Ni abin da ya tsaya mini a rai maganar Abba ce. Wata 19 kalma uku? Walid a lokacin yana kiran sunan kowa a gidan. Ko don ana haɗa masa Fulatanci da Hausa ne?

Maman Abba (Tumfure):
Babansa da Fulatanci yake yi masa, ni da Hausa. Ni ma abin yana damuna, har na fara tunanin in ce ya daina.

Malama Ummu Sumayya:
Kada ki hana shi. Yaran Gombe da yawa da harshe biyu suka tashi, wasu uku, ga Tera ga Tangale ga Waja, kuma ba su zama bebaye ba. Wata rana da wannan Fulatancin zai yi hira da Dadarsa.

Anti Nas:
Harshe biyu ba ya hana magana. Kuma in za ki ƙirga kalmominsa ki haɗa da na Fulatancin, da irin "uwa" ɗin nan, duk kalma ce tunda kullum abu ɗaya yake nufi da ita. Ki lura da waɗannan: in kin kira sunansa daga baya yana juyowa? In kin ce ɗauko takalminka yana ɗaukowa? Yana nuna abu da yatsa don ki gani? In eh, to alama ce mai kyau. Wajen shekara 2 ake sa ran ya fara haɗa kalma biyu, kamar "Baba zo". In ya kai nan bai fara ba, ko kin ga ba ya juyowa in an kira shi, ko ya daina faɗin abin da ya iya a da, ki kai shi a duba, a fara da kunne. Tafiya a wata 16 kuwa ba latti ba ne, sai yaro ya kai 18 bai taka ba muke neman a bincika.

Tambaya biyu: kina ba shi waya? Kuma ina katinsa na rigakafi, an yi masa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15?

Maman Abba (Tumfure):
Yana juyowa, har buta yake kai wa babansa in ya ji kiran salla. Waya kam ina kunna masa bidiyo in zan yi girki, wani lokacin ya fi awa. Katin na ɗauko yanzu, daga ta wata 9 babu komai. Na ɗauka an gama.

Anti Nas:
Iyaye da yawa haka suke ɗauka. Ki kai shi a yi masa, bai ɓaci ba, kyauta ce a asibitin gwamnati, a ɗiga masa bitamin A in wata shida ya zagayo. Wayar kuma ki rage har ki daina, ƙasa da shekara 2 ba a so yaro ya zauna yana kallon allo. Ki ajiye shi nesa da wuta da marfin tukunya da ludayi, kina aiki kina gaya masa abin da kike yi. Daga bakinki zai ɗauka. Sannan masu maganin zazzaɓin damina da ke bi gida-gida duk wata, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, su suke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki suke bari. Duk inda Abba zai kwana, maganin nan da gidan sauro su bi shi.

Hajiya Goggo (Jekadafari):
Na karanta duka. Har yanzu ina nan a kan cewa yaro ba ya yayuwa a ƙirjin uwarsa, wannan na gani da idona sau tara. Amma maganar rashin cin abincin ta shige ni, don mu a da ba ma kai yaro yaye sai ya iya damƙar tuwo da hannunsa. Kuma ba a yaye mara lafiya, ba a yi a tsakiyar zafin bazara. To ga shawarar tsohuwa. Abin da Dada take so shi ne a ce ita ta yaye mai sunan mijinta, kada ku ƙwace mata wannan. Kumo ba nisa, ko awa ɗaya ba a yi a mota. In yaron ya kama abinci, ɗanta ya je ya ɗauko ta ta zo ta yi muku sati. Ta kwana da shi a ɗaki ɗaya, ke kina ɗayan. Da rana yana ganinki, da dare yana bayan kakarsa. Kuma 'yata, kada ki shafa barkono ko maɗaci, wannan ko a da ni ban so shi ba.

Maman 'Yan Biyu (Bajoga):
Goggo wannan ita ce magana. Ki fara cire na rana ɗaya bayan ɗaya Maman Abba, na dare shi ne ƙarshe. Hakan ke ma nonon ba zai cika ya yi miki tsami ba. In ya ɗaure ki ɗan tatse kaɗan don ki samu sauƙi, kada ki tatse duka.

Maman Abba (Tumfure):
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, yau sati bakwai da maganarmu. Na bi shawarar Abu Yusra, na nuna wa babansa kwanon. Bai ce komai ba a daren, amma ranar Asabar ya tafi Kumo shi kaɗai. Dada ta yi faɗa da farko, ta ce mun raina ta, daga baya ta ce to a ba shi ƙwai da man shanu, har ta aiko da man a kwalba. An yi masa allurar ƙyanda, an sa masa tef ɗin nan ya nuna kore. Kunu mai kauri ya ƙi shi kwana biyu, da na zuba masa a kwanon babansa suka ci tare sai ya karɓa. Faten wake yanzu har kuka yake in ya ƙare. Na rana mun daina tun sati uku da suka wuce.

Dada ta zo ranar Litinin. Daren farko ya yi kuka har wajen ƙarfe biyu, ina jin su ta bango, tana goye da shi tana yi masa waƙa da Fulatanci, ni ina zaune a bakin gado na riƙe ƙofa ban buɗe ba. Dare na biyu sau ɗaya ya tashi, ta ba shi ruwa ya koma. Jiya bai tashi ba sam. Da safe ya fito daga ɗakinta yana jan zanenta, ya gan ni a bakin murhu, ya zo ya dafa gwiwata ya ce "Dada zo", yana nuna mata tabarma. Ta ce sai ta ƙara sati.

Hajiya Goggo (Jekadafari):
Alhamdu lillahi. Ki gaishe mini da ita, kuma a yanka kazar.

Ummu Hanifa (Pantami):
Masha Allah, Allah ya raya Abba. Tawa maleriya ce aka samu ranar, ta warke. Anti Nas, in Hanifa ta cika wata 20 zan dawo da tawa tambayar.